Tallan da ya rikiɗe ya zama fargabar bam: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Da misalin ƙarfe takwas na safiyar Laraba, 31 ga Janairun 2007, aka hango wani baƙin allo maƙale a jikin ƙarfen da ke riƙe da babbar hanyar I-93, daidai tashar jirgin ƙasa ta Sullivan Square a birnin Boston na Amurka. Girmansa bai fi ƙafa ɗaya da ɗoriya ba. Akwai batura, akwai wayoyi a fili, ga baƙar salatif an nannaɗe. Kafin ƙarfe goma da 'yan mintoci, masu kwance bam sun tarwatsa shi. An rufe wani sashe na hanyar, an dakatar da jiragen ƙasa, daga baya aka rufe gadoji har da zirga-zirgar jiragen ruwa a wani yanki na kogin Charles. Ashe abin talla ne. Kamfanin Turner Broadcasting, wanda a lokacin shi ke da tashar Cartoon Network, shi ya ba wani kamfanin talla mai suna Interference kwangilar tallata fim ɗin zanen barkwanci na Aqua Teen Hunger Force. Allunan na ɗauke da ƙananan fitilun LED da ke fitar da siffar wani ɗan tauraron shirin yana ɗaga yatsar tsakiya, wanda a wurinsu tamkar daƙuwa ce.

Masu harkar talla suna kiran wannan salo tallan sari-ka-noƙe: a shammaci jama'a da wani abu a inda ba su zata ba, su yi ta magana a kai, kamfani ya samu suna da kuɗi kaɗan. Salon ba laifi ba ne. Amma kusan duk kuskuren da za a iya yi a cikinsa an yi shi a Boston rana guda, shi ya sa har yau ake koyar da labarin.

Kuskuren farko shi ne duba abin da idon wanda ya ƙera shi. Wanda ya haɗa allon ya san mece ce kowace waya. Ɗan sandan da aka kira bai sani ba, kuma horon da aka ba shi ya ce ya nemi abubuwa kaɗan: tushen wuta, wayoyi, allon lantarki, da wani ƙunshi da ba a ganin cikinsa. Allon Boston ya tara su duka. Batura huɗu manya, irin na babbar tocila, suna jere a ƙasa cikin salatif, sai maganaɗisu a baya don ya kama ƙarfe. An yi shi ne don dare, lokacin da fitilun ke haske har kowa ya ga zane. Da rana kuwa zanen ya dusashe, abin da ya rage sai baƙin allo da batura a ƙarƙashin gada. Gyaran nan ba ya cin kuɗi. Kafin a kai komai titi, a ajiye samfurinsa a kashe, da rana tsaka, a kira mutane biyar ko goma da ba su san aikin ba, har da dattijo da mai gadi, a tsayar da su nesa da shi kamar taku ashirin a tambaye su me suka gani. Idan ko mutum ɗaya ya ce abin ya ba shi tsoro, a koma a sake fasali. A rufe batura da wayoyi cikin akwati mai tsafta, ko a yi akwatin da roba mai nuna ciki. Kada a yi amfani da bututu, tukunya, jakar goyo ko kwalin da aka naɗe da salatif. Kada abin ya riƙa ƙara kamar agogo ko yana ƙirga lokaci.

Wannan na ƙarshe ba zato ba ne. A 2014 kamfanin wasannin kwamfuta na Ubisoft ya aika wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai makulli zuwa ofishin wata kafar labarai a Sydney ta Ostiraliya don tallan sabon wasa. Da ma'aikata suka taɓa shi sai ya fara ƙara, aka kwashe mutane, aka kira masu kwance bam. Tun kafin Boston ma, a Afrilun 2006, an sanya wasu jajayen na'urori masu wayoyi a cikin dubban akwatunan sayar da jaridar Los Angeles Times, don su riƙa kaɗa kiɗan wani fim in an buɗe murfi. Wasu suka ɓalle daga inda aka ɓoye su suka faɗo kan jaridu. An fasa akwati ɗaya a Santa Clarita, aka kuma fitar da mutane daga wani asibitin tsofaffin sojoji. Darasin da ke nan na daban ne: na'urar da aka liƙa da kyau ranar farko ba lallai ta kai mako a haka ba. Zafi, ruwa da jijjiga suna sassauta gam. A gwada yadda abin zai kasance in ya faɗo, ba yadda yake a hoton da aka nuna wa mai kwangila kaɗai ba.

Sai batun wuri. An rarraba allunan a birane goma, ciki har da New York, Los Angeles, Chicago, Atlanta, Seattle da Philadelphia, kuma sun yi makonni biyu zuwa uku a rataye ba a samu hayaniya ba. Wannan ne ya sa mutane da dama suka yi wa Boston dariya. Sai dai a tuna cewa biyu daga cikin jiragen da aka yi harin 11 ga Satumban 2001 da su daga filin jirgin saman Logan na Boston suka tashi, kuma allon da ya tayar da ƙura a ƙarƙashin babbar hanya yake, a kan tashar da dubban mutane ke bi da safe. Duk wanda ya zauna a Kano, Maiduguri ko Abuja a shekarun da bama-bamai ke tashi a tashoshin mota ya san abin da jakar da ba ta da mai ita ke yi wa zuciya. Don haka akwai wuraren da ba a ma kawo su cikin lissafi: gada da ƙarƙashinta, tashar jirgi ko ta mota, filin jirgin sama, asibiti, makaranta, wurin ibada, ginin gwamnati, turken wutar lantarki, gidan mai. Bangon shago ko gidan abinci da mai shi ya amince a rubuce ya fi su duka, ko da masu wucewa ba su kai yawa ba.

Allunan ba su ɗauke da sunan kowa. Da gangan aka yi haka, don a bar mutane cikin tambaya. Ana iya barin jama'a cikin tambaya ba tare da an bar jami'an tsaro cikin duhu ba. A manna takarda mai jure ruwa a gaba ko a gefen da ake gani ba sai an taɓa abin ba, a rubuta cewa talla ne, da sunan kamfani, da lambar wayar da ake ɗauka dare da rana, da lambar da ta bambanta wannan na'ura da sauran. Rubutun ya zama mai girma, domin jami'in da ke zargin bam ba zai matso ya karanta ƙananan haruffa ba, daga nesa zai duba ko ya tura mutum-mutumi mai kyamara. Sannan a nemi izini. A kai wa 'yan sanda, hukumar kashe gobara da hukumar sufuri takarda aƙalla mako guda kafin a fara, ɗauke da hoton abin a kunne da a kashe, jerin kayan cikinsa, adireshin kowane wuri, ranar sawa da ranar cirewa. Masu talla kan ce hakan zai kashe armashin shammata. Ba 'yan sanda ake son shammata ba.

Mafi munin kuskuren ranar shi ne shiru, kuma a nan ya kamata mai karatu ya fi tsayawa. Matasa biyu aka ɗauka aikin rataye allunan a Boston, Peter Berdovsky da Sean Stevens, kan dala 300 kowannensu. Berdovsky ya je wurin da safen nan, ya gane cewa allonsu ne ake ta kai-kawo a kansa, ya sanar da kamfanin da ya ba shi aiki. Rahotanni sun nuna cewa an ce masa ya yi shiru tukuna. Sanarwar Turner ba ta fito ba sai wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, bayan sa'o'i takwas ana rufe hanyoyi. Abin da ya ƙara dagula lissafi, a wannan ranar an tsinci wani abu mai kama da bam ɗin bututu a wani asibitin birnin, wanda ba shi da alaƙa da tallan ko kaɗan. Ka ɗauki kanka a matsayin kwamishinan 'yan sanda: ana ta kiran waya daga gadoji daban-daban, ga kuma wannan, kuma babu wanda ya fito ya ce kayansa ne. Da an buga waya ɗaya ƙarfe tara na safe, aka miƙa jerin wurare kusan arba'in da aka rataya allunan, da labarin ya mutu kafin azahar.

Me ke hana wannan waya? Yawanci ba mugunta ba ce, tsarin aiki ne. Yaron da ya rataya abin yana tsoron rasa aiki, ƙaramin kamfani yana jiran babba, babba yana jiran lauya. Saboda haka a rubuta tun kafin a fara, a kuma sa hannu: duk wanda ya ga jami'an tsaro sun kewaye kayanmu, ko ma'aikacin wucin gadi ne, yana da izinin ya gabatar da kansa nan take, ya kira lambar gaggawa, sannan ya sanar da ofis. A ware mutum ɗaya da mataimakinsa masu riƙe da cikakken jerin wuraren a wayarsu. A tanadi gajeriyar sanarwa a ajiye, mai cewa kayan namu ne, ba su da haɗari, ga inda suke, za mu cire su. Neman afuwa da bayanin yadda aka yi duk suna iya biyo baya.

Ta fuskar shari'a, kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa rashin mugun nufi kariya ce daga komai. A daren ranar aka kama matasan biyu, aka tuhume su da ajiye na'urar bogi mai tayar da hankali da kuma tayar da zaune tsaye, aka ba da belinsu kan dala 2,500 kowanne. Dokar jihar Massachusetts tana buƙatar a tabbatar da cewa mutum ya yi nufin tsoratarwa, kuma tun zaman farko alƙali ya nuna shakku kan hakan. A watan Mayu aka janye tuhumar bayan sun nemi afuwa a bainar jama'a sun kuma yi aikin hidima a wani asibiti, ɗaya sa'o'i 80, ɗayan 60. To amma rashin nufi bai hana biyan kuɗi ba. Cikin mako guda babbar lauyar jihar, Martha Coakley, ta sanar da cewa Turner da Interference za su biya dala miliyan 2, rabi don mayar wa hukumomi abin da suka kashe, rabi don ayyukan tsaro. Ranar 9 ga Fabrairu shugaban Cartoon Network, Jim Samples, ya ajiye aikinsa. A lura da yadda nauyin ya rabu: manya sun biya kuɗi, amma waɗanda aka ba dala 300 su suka kwana a tsare. Duk wanda za a ba irin wannan aiki ya nemi ganin takardar izini da idonsa, ya riƙe kwafi a aljihu, ya kuma tabbatar yarjejeniya ta faɗi wanda zai ɗauki lauya in an kama shi. Shi ma kamfani ya tambayi masu inshorarsa a rubuce ko sun yarda su biya asarar da ta taso daga abin da aka rataya ba izini.

Bayan an sake su, matasan sun tsaya gaban 'yan jarida suka ƙi amsa komai sai zancen salon gyaran gashi na shekarun 1970. Wasu sun yaba, amma ga wanda ya makale sa'o'i a hanya ko motar asibiti ta tsaya da shi, abin raini ne. Wanda ke da shari'a a gabansa ya bar lauya ya yi magana.

Hukumomi da kafafen labarai ma suna da nasu kason. Babu laifi a ɗauki kiran farko da muhimmanci, wannan aikinsu ne. Inda aka zarce shi ne ci gaba da kiran allunan bam ɗin bogi bayan an gano talla ne, alhali bogi na nufin an yi niyyar a ɗauke shi bam. Kalmar ta shafa wa mutane laifin da ba a tabbatar ba. Haka kuma an ɗauki sa'o'i kafin wani daga cikin jami'ai ya gane zanen, alhali matasa da dama sun san shi, hotunan allunan ma suna intanet. Da zarar an fasa na farko aka ga babu abin fashewa a ciki, abin yi shi ne a yaɗa hotonsa ga dukan rundunoni da jama'a a tambaya ko akwai wanda ya san shi. Ƙasa da wata guda bayan nan, 'yan sandan Boston suka sake tarwatsa wani akwati da aka ɗaure a jikin turke a unguwar bankuna, daga baya aka gano na'urar ƙirga motoci ce. Rajista ɗaya ta birni, inda kamfanonin talla da hukumomin gwamnati za su riƙa shigar da duk na'urar da suka maƙala a titi tare da hoto da lambar waya, kuma mai amsa kiran gaggawa ya iya duba ta cikin minti ɗaya, za ta rage irin wannan rufe hanya sosai.