Yadda Zaka Samu Ɗaliban Lesin Ɗin Turanci Kuma Su Zauna

Jama'a masu son fara lesin ɗin turanci a Birnin Kebbi, ga abinda na koya cikin shekarun da nai ina wanga aiki.

Kar ka ɓata kuɗi wurin buga fosta. Iyaye anan mutum suke saya, sai sun san ɗan gidan waye kai. Ka fara da yara biyu ko ukku na unguwarku, ko Gesse kake ko Badariya, ka riƙe su tsakani da Allah, in uwa ɗaya ta ga ɗanta ya fara karanta allon shago da kanshi wallahi ita zata yi maka talla a gidan suna da guruf ɗin WhatsApp na Islamiyya.

Ka lura da lokaci, daga Janairu masu JAMB da WAEC ke neman malami ido rufe, tunda turanci dole ne, tambaya 60 ce a JAMB, kuma ba kiredit ba jami'a.

Riƙe ɗalibi shine wuyar. Yaranmu tsoron a yi musu dariya ke kashe musu baki. Akwai wata yarinya da ta yi sati biyu bata ce uffan ba, sai nace ta faɗa min yadda ake tuwon shinkafa da turanci, ko da kwaba ne, ban gyara mata ko ɗaya ba ranar. Yanzu ita ke fara ɗaga hannu.

Kuɗi kuwa ku yanke da iyaye tun ranar farko, "Alhaji farkon wata ake biya," ka faɗa cikin ladabi. Kuma ka kauce ma lokacin Islamiyya, bayan Magariba ko Asabar da safe ya fi.