Babi Na 6: Masu Gadin Da Ke Kan Fatarmu

Darasi na 1

To jama'a, kowa ya kalli bayan hannunsa. Kun ga wani abu? Babu. Amma akwai ƙananan halittu birjik a wajen, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, sunansu bakteriya. Mu karanta tare, bak-te-ri-ya. A sake. Yawwa, madalla. Ba dauɗa ba ce fa, yawancinsu masu gadi ne, sun cika wajen har mugu ba ya samun wurin zama. Mugun da muke magana shi ne wani nau'in bakteriya mai suna Staphylococcus aureus, kar sunan ya tsorata ku, ba sai kun rubuta ba. Idan fata ta bushe ta tsattsage masu gadi suka ragu sai shi ya yi yawa, daga nan ƙaiƙayi da ja da kumburin ciwon fata da ake kira egzima su ƙara tashi.

Darasi na 2

Nan ne kullum ake samun matsala don haka ku natsu. Wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Sabulu mara ƙarfi, saboda fata tana da ɗan tsami nata wanda masu gadin ke so, sabulu mai ƙarfi kuma yana wanke shi. In ka fito ɗauki tawul ka dinga dannawa a hankali. Dannawa, ba gogewa ba. Sai ka shafa mai cikin minti 3, jiki da sauran danshi. Mu maimaita, danna, sannan mai. Danna, sannan mai. In ka manta yau ba komai, gobe ka gwada, kowa haka ya fara.

Amma wallahi wasunku sai an yi magana. Makon jiya na ga wani ya dirje hannu da soso har ya yi ja wai yana kashe ƙwayar cuta, masu gadinka ka kora malam! Sau nawa zan faɗa? Danna, sannan mai, kafin jiki ya bushe ƙarau, ba bayan ka gama sa kaya ka zauna ba.

Darasi na 3

Amosanin kai. Wani naman gwari ne, wato ƙaramar halitta dangin fumfuna, mai suna Malassezia yake taimakawa wajen kawo shi, yana son maiƙo. Akwai shamfu na musamman.

Darasi na 4

Kurji ya fara ruwa ko mugunya, a je wajen likita. Ban da sosawa.