Yadda za ka tantance gaskiya da ƙarin gishiri a tarihin absinthe

Duk wanda ya ɗauki tarihin absinthe, koriyar barasar da aka fara haɗawa a yankin Val-de-Travers na ƙasar Suwizalan a ƙarshen ƙarni na 18, zai ci karo da zancen cewa tana haukata mutum, ta sa shi gane-gane. Kafin ka amince, fara da tambayar abin da ke cikin kwalbar. Ana haɗa ta da wani ganye mai ɗaci dangin tazargade, mai ɗauke da sinadarin thujone wanda ake zargin shi ke haukatarwar, amma ƙarfin barasarta kan kai kashi 45 zuwa 74 cikin ɗari, wanda shi kaɗai ya isa ya nakasa mai yawan sha.

Daga nan ka bincika yadda aka yi gwaji. Likitan Faransa Valentin Magnan ya gwada tsantsar man ganyen a kan dabbobi suka kama farfaɗiya, sai aka ɗora laifin a kan abin shan, alhali binciken da aka yi a 2008 kan kwalaben da suka rage tun kafin a haramta absinthe ya nuna thujone ɗin da ke ciki bai taka kara ya karya ba.

Inda ya fi kamata ka natsu shi ne labarin Jean Lanfray, manomin da ya harbe matarsa mai juna biyu da 'ya'yansa mata biyu a Suwizalan a 1905. Jaridu sun kama kofi biyu na absinthe da ya sha ran nan, suka kau da kai daga giyar inabi da burandi da ya ɗirka tun safe. A ganina wannan ɓoye rabin gaskiya ne, kuma a kansa aka kaɗa ƙuri'ar 1908 wadda ta haramta ta a ƙasar. Amurka ta bi sahu a 1912, Faransa a 1915.

Ka kuma tambayi wanda ya ci ribar haramcin. Ƙwarin phylloxera sun cinye gonakin inabin Faransa, giyar inabi ta yi tsada, talakawa suka koma ga absinthe, saboda haka da gonakin suka farfaɗo sai masu inabi suka haɗa kai da masu yaƙi da shaye-shaye. Kada ka manta da 'yan jabu, waɗanda ke zuba gishirin jan ƙarfe don ruwan ya yi kore, guba ce da ba ta da alaƙa da ganyen.

Suwizalan ta ɗage haramcin a 2005, Amurka kuma ta sake ba da izinin sayarwa a 2007, bisa sharaɗin ƙayyade yawan thujone.