Babi na Shida: Maganin Ciwo Mai Ƙarfi da Magungunan da Ke Tare Masa Hanya a Hanta

Darasi na 1: Abin da hanta ke yi wa magani

'Yan uwana ɗalibai, iyaye da ƙanne, kowa ya buɗe littafin rubutunsa tun yanzu, domin a wannan babi za mu karanta kuma za mu rubuta. Magungunan da muke magana a kansu su ne masu kashe ciwo mai tsanani, irin waɗanda likita ke rubuta wa mai sikila idan ciwonsa ya tashi, ko wanda aka yi wa tiyata, ko mai cutar daji, wato kodin da tiramadol da mofin, da wasu da ake rubutawa oxycodone da fentanyl. Kowannensu sai ya bi ta hanta, inda ake da sinadarai masu sarrafa magani da ake kira inzayim. Biyu ne suka shafe mu, CYP2D6 da CYP3A4, kuma ba sai kun haddace su ba.

Ku ɗauki hanta kamar injin niƙa na unguwa. Kodin tamkar tsabar dawa ce, sai CYP2D6 ya niƙa ta ta koma mofin kafin ta kashe ciwo, haka ma wani ɓangare na aikin tiramadol. Su kuwa oxycodone da fentanyl da ƙarfinsu suke shiga jiki, aikin CYP3A4 shi ne ya rage su domin jiki ya fitar da su. To, akwai magungunan wasu cututtuka dabam da ke rage gudun wannan inji.

Darasi na 2: Illar iri biyu ce

Mai shan fluoxetine ko paroxetine, waɗanda ake bayarwa saboda cutar damuwa, CYP2D6 ɗinsa yana yin sanyi, don haka idan ya sha kodin ciwon ba ya sauka yadda ya kamata. A nan ne mutum kan ce maganin na jabu ne, ya ƙara ƙwaya bisa ƙwaya. Wannan ƙari haɗari ne, musamman da tiramadol, wanda idan ya haɗu da waɗannan magunguna yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya da zazzaɓi da ruɗewa.

Mai shan fluconazole ko ketoconazole na ƙaiƙayi, ko erythromycin ko clarithromycin na kashe ƙwayoyin cuta, ko maganin cutar ƙanjamau mai ɗauke da ritonavir, shi kuwa CYP3A4 ɗinsa ne ke yin sanyi. Sai oxycodone ko fentanyl ya taru a jininsa ko da bai ƙara komai a kan abin da likita ya rubuta ba, har numfashinsa ya ragu. Kada kowa ya daina maganin ƙanjamau ko na damuwa saboda ya karanta wannan. Likita ne zai canza maganin ciwon ko ya rage adadinsa.

Darasi na 3: Rubuta ƙaramin suna

Wannan shi ne aikin da ya fi ba ɗalibai wahala, saboda haka za mu yi shi sannu a hankali. Ɗauki kwalin magani ka riƙe shi a haske. Za ka ga babban suna da manyan haruffa masu launi, wannan sunan da kamfani ya raɗa ne. A ƙarƙashinsa akwai ƙaramin suna, shi ne ainihin sunan maganin. Ƙaramin sunan za ka kwafa a takarda, harafi bayan harafi, kana ɗora yatsa a kan kowane harafi kafin ka rubuta shi. Idan ba ka iya furta shi ba, babu komai, kwafa kawai ake buƙata. Bayan sunan, kwafi lambar da ke gefensa tare da haruffan mg, kamar 50 mg.

A sake. Ƙaramin suna, sannan lamba. Inna, idan ido bai gani sosai, a sa jika ya haska fitila, amma ke za ki rubuta da hannunki, kuma za ki iya, in sha Allahu. A yi haka ga kowane magani da ke cikin gida wanda mara lafiyar ke sha, har wanda aka saya a kemis ba tare da takardar likita ba, har na gargajiya.

Na lura da yawanku kuna kwafar babban sunan domin ya fi sauƙin gani, wasu kuma suna rubuta “farar ƙwaya” ko “ja da rawaya”. Haba jama'a! Fararen ƙwayoyi nawa ne a kemis guda na Tudun Wada? Likita a Asibitin Barau Dikko ba zai gane magani da launinsa ba, kuma yagaggen sachet da sunansa ya goge ba ya gaya masa komai. Ƙaramin suna nake nema, wanda ke ƙarƙashin babba. Wanda bai kawo takardarsa aji na gaba ba, zai zauna ya rubuta ta a gabana.

Wannan takarda za a miƙa wa likita ko mai haɗa magunguna kafin a karɓi maganin ciwo, a ce masa, “Ga abin da nake sha, ko akwai wanda ba ya jituwa da wannan?” A faɗa masa har wanda aka daina kwanan nan, domin fluoxetine yana yin makonni a jiki bayan an bar shi.

Darasi na 4: Alamomin haɗari

Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan mai shan maganin ciwo ya yi barcin da ba ya tasuwa, numfashinsa ya yi ƙasa da haka sosai, yana minshari mai nauyi, ko leɓensa ya canza launi, a kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi asibiti tare da takardar. Akwai allura mai suna naloxone da ke karya ƙarfin maganin. Kada a ɗura masa madara ko ruwa.

Darasi na 5: Kodin na tari

Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Kada a saya a hannun kowa.

Aikin gida: a kwafi ƙananan sunaye da lambobi na magunguna uku, a zo da kwalayen aji domin a duba.