Yadda za ka wanke tankin kifin ado ba tare da ka kwashi ciwon fata ba

Kun yawaita tambayata, to ga matakan. Ƙwayar cutar fata mai suna Mycobacterium marinum tana iya kasancewa cikin ruwan tanki, kuma ta ɗan rauni take shiga fata.

1. Duba hannuwanka. In akwai yanka, bari sai ya warke.
2. Sa safar hannu ta roba mai kaiwa gwiwar hannu.
3. Tsamo mataccen kifi da raga.
4. Janye ruwan da tiyo. Hattara, nan ake kuskure: kada ka zuƙa da baki!
5. Zubar da ruwan nesa da wurin wanke-wanke.
6. Wanke hannu da sabulu.
7. In jan ƙurji ya fito a yatsa bayan sati 2 zuwa 4, kada ka matse. Je asibiti, ka gaya wa likita kana kiwon kifi, don maganin kan ɗauki watanni.