Yadda za ka zaɓi jirgin ƙasa daga filin jirgin sama ba tare da ka yi asarar kuɗi ba

Yawancinmu a Garwa, Marwa da Kusuri jirgin ƙasa ɗaya muka sani: na Camrail mai tashi daga Ngaundare da daddare ya wayi gari a Yawunde. 'Yan'uwanmu na Injamena kuwa babu layin dogo a ƙasarsu gaba ɗaya. Shi ya sa idan mutum ya sauka a Jidda ko Faris ko Landan ya ga tashar jirgin ƙasa a cikin filin jirgin sama, sai ya ruɗe, ya sayi tikitin da ya fara cin karo da tallansa. Sau da yawa shi ne mafi tsada.

Abu na farko, tun kana gida ka nemi cikakken adireshin masaukinka, ka tambayi mai masaukin wace tasha ce ta fi kusa da shi. Kada ka raina wannan. Jirgin gaggawa, wanda ake rubuta wa ekspres, galibi tasha ɗaya yake zuwa a tsakiyar gari. In masaukinka ba ya kusa da ita, za ka biya kuɗin sauri sannan ka sake neman wani abin hawa, lokacin da ka saya ya zube a hanya.

Sai ka duba jirage nawa ne ke zuwa filin, domin a wasu biranen ba guda ba ne. A Heathrow ta Landan uku ne. Heathrow Express, wanda ya fara aiki a 1998, minti 15 yake yi zuwa tashar Paddington, kuma a 2024 tikitin zuwa kaɗai fam 25 ne in ka saya a ranar tafiya. Layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 yana kai wa wannan tashar a kusan rabin awa da wajen rabin kuɗin, ya kuma zarce cikin gari ba sai ka canza ba. Layin Piccadilly ya fi su araha nesa ba kusa ba, sai dai zai ci maka kusan awa guda, kuma wurin ajiye kaya ya yi kaɗan. A ganina, wanda ba wani taro yake gudun makara ba, Elizabeth ya ishe shi. Wanda ya ƙudurta hawa ekspres ɗin kuwa, ya saya ta intanet makonni kafin tafiya, kuɗin yana sauka sosai, kuma yara 'yan shekara 15 zuwa ƙasa kyauta suke shiga tare da babba.

Faris ta fi sauƙin lissafi a gare mu, tun da sefa a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike. Daga filin Charles de Gaulle, jirgin ƙasa mai suna RER B ne ke kai ka tashar Gare du Nord da ke cikin gari a rabin awa da 'yan mintoci. A 2025 tikitinsa yuro 13 ne, wato kusan sefa 8,500. Ana gina wani na gaggawa, CDG Express, da ake sa ran zai fara aiki a 2027, zai riƙa yin minti 20 zuwa Gare de l'Est da kuɗi kusan ninki biyu. In ya fara, ka tambayi kanka ko minti goma sha biyar ya kai wannan kuɗin.

Mataki na gaba shi ne ƙirga mutane da kaya. Jirgin ƙasa kowane kai da kuɗinsa, tasi kuwa mota ake biya. Ku huɗu a RER B yuro 52 ke nan a farashin 2025, alhali tasin hukuma daga filin zuwa cikin Faris farashinsa a yanke yake, a 2025 yuro 56 zuwa ɓangaren arewa da kogin Seine da ya ratsa birnin, 65 zuwa na kudu. In kuna tare da dattijuwa da akwatuna shida, kada ku wahalar da ita a matakalar tasha saboda yuro huɗu. Amma ku bi layin tasin hukuma, ku ƙyale masu tare mutane a bakin ƙofa.

Masu zuwa umara su ne suka fi yawa a cikinmu, don haka bari in tsaya a kan jirgin Haramain. An buɗe shi a 2018, layinsa kusan kilomita 450 daga Makka zuwa Madina, yana gudun kilomita 300 a awa. Tasharsa tana jikin sabon ginin filin jirgin Sarki Abdul'aziz, wato Terminal 1. Ka duba takardar jirginka tukuna, saboda ba kowane kamfani ke sauka a can ba. In a ginin arewa ko na alhazai aka sauke ka, sai ka hau mota kafin ka isa tashar. Daga filin zuwa Makka bai kai awa ɗaya ba, zuwa Madina wajen awa biyu. Kujera a rubuce take da sunanka, ana sayen tikitin da lambar fasfo, kuma a Ramadan yana ƙarewa da wuri. Aji biyu ne, na gama-gari da na manya, dukansu a jirgi ɗaya, lokaci ɗaya suke isa, don haka ƙarin kuɗin na jin daɗin zama ne, ba na sauri ba. Ka bar tazarar awanni tsakanin saukarka da tashin jirgin, layin duba fasfo ba shi da tabbas. Kaya ma da iyaka: akwati ɗaya da bai wuce kilo 25 ba da jakar hannu. Wannan ba jirgin Ngaundare ba ne da ake shiga da buhuna. Mai tasowa daga Madina ya sa haraminsa tun kafin ya hau, jirgin ba ya tsayawa a miƙati. Tashar Makka kuma tana unguwar Rusaifa, sai ka ƙara da bas ko tasi zuwa Harami.

Wanda ya biyo ta Kasablanka, tashar tana ƙarƙashin ginin filin, jirgin zai kai shi tashar Casa Voyageurs da ke cikin gari.

Wajen biya, ka gaya wa bankinka za ka yi tafiya don kada a rufe katin, ka kuma riƙe 'yan kuɗin ƙasar a aljihu. A Landan katin banki ake dangwalawa a ƙofa, kowane mutum da nasa. Ka adana tikitinka har ka fita, da shi ƙofar fita take buɗewa. Ka kuma duba lokacin jirgin ƙarshe idan saukar dare za ka yi.

Ranar komawa daga Faris, ka karanta allon da ke saman dandamali kafin ka shiga. RER B yana rabuwa biyu bayan Aulnay-sous-Bois, reshe ɗaya ya nufi filin jirgi, ɗayan ya tafi Mitry-Claye. Ka shiga wanda aka rubuta wa sunan filin, ka kuma san lambar gininka, domin tashoshi biyu ne a can.