Kurakuran da ake yi wajen fitar da hoto daga Photoshop da Lightroom

Mai ɗaukar hoto zai ɓata awa biyu yana gyaran hoton amarya a Photoshop ko Lightroom, manhajojin gyaran hoto, ya daidaita haske, ya goge abin gogewa, amma da ya zo akwatin ƙarshe na fitar da hoton sai ya danna abin da ya tarar kawai. A nan aiki yake lalacewa. Hoton da ya yi tas a kwamfuta sai a wanko shi dishi-dishi, ko ya hau Instagram launinsa a koɗe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar lambar DPI, wato yawan ɗigo a kowane inci, a matsayin ma'aunin kyan hoto. Kullum za ka ji ana cewa, "Mayar da shi 300, 72 ba ta da kyau." Alhali hoton da ke cikin waya ko kwamfuta ba shi da inci, fiksel kawai gare shi, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka yi hoton. Kyamara mai megafiksel 24, wato fiksel miliyan 24, tana ba da fiksel 6000 a faɗi, 4000 a tsayi. Ko 72 ka rubuta ko 300, fiksel ɗin suna nan yadda suke, nauyin fayil bai canja ba, kuma a fuskar waya babu mai iya bambance su. Lambar saƙo ce ga injin bugawa, tana gaya masa fiksel nawa zai cusa a kowane inci na takarda. Kamar kwanon gero ne: ka zuba a faifai ya yi tudu, ka baza a babbar tabarma ka riƙa hango tabarmar ta tsakani, geron kuwa bai ƙaru ba bai ragu ba. Ita 72 ɗin ma gado ce daga kwamfutar Macintosh ta 1984, wadda allonta ke da ɗigo 72 a inci. Wayoyin yanzu da yawa sun haura 400.

To abin da za ka duba shi ne yawan fiksel, kuma lissafin ba wuya. Hoton da za a riƙe a hannu, ninka incinsa da 300. Ɗan hoton albam mai inci 4 da 6 yana son fiksel 1200 da 1800. Cikakken shafin A4 yana son 2480 da 3508. Ka juya lissafin kuma ka san iyakarka: fiksel 6000 a raba da 300 ya ba da inci 20, hoton waya mai 4032 da 3024 kuwa zai kai wajen inci 13 da 10. Sai dai a yi lissafin bayan yanke hoto, ba kafin nan ba. Wanda ya yanko fuskar mutum ɗaya daga hoton taron ɗaurin aure, wataƙila fiksel 900 ya rage masa, ko da kyamarar ta miliyoyin naira ce.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne ɗan akwatin Resample da ke cikin Image Size a Photoshop, wanda idan yana kunne manhajar take ƙara ko rage yawan fiksel in an canja lambar. Wani zai sauko da hoto mai faɗin fiksel 800 daga Facebook, ya canja 72 zuwa 300 akwatin yana kunne, ya ga faɗin ya koma 3333, ya ce alhamdulillahi an dace. Ba a dace ba. Manhajar ƙirƙiro fiksel ta yi da ƙiyasi ta cike gurbi, fayil ya yi nauyi, amma zaren aikin wuyan babbar riga da ya ɓace bai dawo ba. Ka kashe akwatin tukuna, sai ka rubuta 300, nan take za a nuna maka gaskiyar girmansa: bai kai inci 3 ba. Super Resolution, zaɓin ƙara girman hoto na Lightroom, yana ninka faɗi da tsayi sau biyu, kuma ya fi tsohuwar hanya sosai, amma shi ma hasashe yake yi, a zanen lalle da ƙananan rubutu ake kama shi. Neman asalin hoton wurin wanda ya ɗauka ya fi duk wannan dabara.

Akwatin nan yana cuta ta ɗaya ɓangaren ma. Ka sauko daga 300 zuwa 72 yana kunne, fiksel 6000 su koma 1440. Idan ka adana a kan asalin fayil, shi ke nan, sun tafi.

Akwai kuma masu wuce gona da iri. Banar biki ko ta siyasa mai ƙafa 6 da 3, idan aka dage sai 300, fiksel 21,600 da 10,800 ke nan, sama da miliyan 230, fayil ɗin da zai sa kwamfutar mai bugawa ta tsaya cak. Ba wanda ke manna hanci a jikin bana. Fiksel 6000 ɗin nan a ƙafa 6, wato inci 72, suna ba da kusan 83 a kowane inci, kuma daga nesan da ake kallonta ya wadatar. Fosta ko kalanda ta bango, 150 ta isa.

Sai maganar tura aiki, wadda a ganina ta fi saitin kansa ɓata hotuna. Ka fitar da hoto daidai, ka tura wa mai wankin hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar ta rage shi ta matse. Zaɓin HD da suka ƙara a 2023 ya rage ɓarnar, bai kawar da ita ba. A tura shi a matsayin dokumen, ko ta Google Drive, ko a kai a filash. Na Instagram kuwa gara ka rage shi da kanka zuwa faɗin 1080, na tsaye 1080 da 1350, ka ɗan ƙara masa kaifi lokacin fitarwa, da ka bar musu su rage maka.

JPEG, nau'in fayil ɗin hoto da aka fi amfani da shi, yana zubar da wani abu duk lokacin da aka sake adana shi, shi ya sa hoton da aka buɗe aka gyara aka adana sau da yawa yake yin ƙananan murabba'i a sararin sama da gefen fuska. Ka riƙe RAW ko PSD ko TIFF, nau'o'in fayil da ba su yin wannan asarar, don aiki, JPEG ya zama na ƙarshe, sau ɗaya. Inganci tsakanin 80 da 90 a Lightroom ya isa, 100 data kawai take ci. Idan fom ɗin intanet ya ƙayyade maka kilobait, fara rage fiksel kafin ka taɓa ingancin. Tambari da rubutu kuwa nau'in fayil na PNG ya fi musu.

Launin da ke koɗewa ba laifin fiksel ba ne. Yawanci an fitar da hoton ne a tsarin launi na Adobe RGB ko ProPhoto RGB, manhajar da ta buɗe shi kuma ta karanta shi a matsayin sRGB, tsarin launin da intanet ke amfani da shi, sai jan leshi ya koma kamar an wanke shi sau goma. Duk abin da zai hau intanet, zaɓi sRGB. Wanda za a buga kuma, tambayi mai injin wanne yake so da kuma inci nawa takardar take, kafin ka danna maɓallin fitarwa.